Maltar Gero a Bron

Tun da na dawo daga Faransa ban huta da tambaya ba. A kasuwa a tare ni, a gidan suna a tare ni. Har Hajiya Mariya mai goro, wadda ba ta taɓa sayen ko yadi ɗaya a rumfata ba, yanzu kullum sai ta zo ta zauna a bencina tana cewa, "To, Hajiya Balki, sai aka yi yaya?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Masu jiran labarin dogayen gidaje da fitilu kuwa su yi haƙuri. Ni ba kallo ya kai ni ba, ciyar da yaro na je yi.

Yaron ɗana ne na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ba kuwa za ku gan shi a rubutuna ba. Kun san yadda abin yake a wajenmu. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Gida ɗaya muke, amma ban taɓa zama na yi hira da shi ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Duk abin da ke raina game da shi a tukunya nake zuba shi. In dafa, in zuba a kwano, in ba ƙannensa su kai masa. Ya tafi karatu Lyon, ya gama, ya sami aiki, ya auri Hadiza, wata 'yar Damagaram mai karatun haɗa magunguna. Sai muka fara ganin shi a waya yana ta ramewa, wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa. Daga baya Hadiza ta ce likitoci sun gano cutar, wai sunanta siliyak. Akwai wani abu a cikin alkama da sha'ir, ana ce masa gulutan, in ya shiga cikinsa sai ya ƙuje masa hanji, abinci ya wuce bai kama jiki ba. Ba ta da magani sai ƙaurace wa abin har ƙarshen rai. Na ce to, Allah ya sawwaƙe. A raina kuwa na ce, yaron da ya tashi da buredi da shayi? Yunwa ce kawai da abincin Nasara. In na je na yi masa wata biyu kowa zai ga bambanci.

Da bizar ta fito, bayan na sha zirga-zirgar da ba na son tunawa, na shiga haɗa kaya. Na kai gero da dawa injin unguwarmu aka niƙa mini, na ɗaure kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, na sayi kilishi mai kyau. Maƙwabta kuma suka yi ta aiko da nasu: dubulan, alkaki, cincin, bokiti-bokiti. Na ce musu an fa hana shi alkama. Suka ce ai alkamar can aka hana shi, wannan ta gida ce. Ni ma maganar ta yi mini daidai, na cusa su a akwati.

Daga Maraɗi zuwa Yamai a babbar mota babu abin faɗi, sai dai wani saurayi da ke kusa da ni ya yi ta tambayar direba ko akwai abin da ya mutu a cikin motar. Daddawata ce, na yi kamar barci nake. Daga Yamai jirgi ya kai mu Kazabalanka, muka canja wani. A nan na haɗu da matakalar nan mai tafiya da kanta, wadda ko a Makka ban yarda na hau ba. Na tsaya a bakinta ina karanta addu'a, mutane suka taru a bayana, har wata Balarabiya ta kama hannuna ta ja ni kamar akuyar da za a sa a mota.

A filin jirgin Paris wani kare ne ya tona mini asiri. Ɗan ƙarami ne mai dogayen kunnuwa, ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. 'Yar duwan, wato kwastan, da ke riƙe da shi ta ce in buɗe. Ta ɗaga kilishin, ta ce nama ba ya shiga. Da ɗan Faransancina na kasuwa na ce mata wannan ai ya bushe, ya daina zama nama. Ta yi murmushi ta jefa shi a wani babban kwando. Da ta kwance ƙullin daddawa kuwa ta shaƙa, sai ta ja da baya, ta ɗaure shi da kanta da sauri ta ce in wuce. Kilishin ya yi mini zafi, amma garina ya tsira, kuma shi ne babba.

Alhaji Ada ne ya tarye ni, ƙanen marigayi mijina ta wajen uwa, mutumin Tawa, ya daɗe yana tuƙi a wani ofishi a Paris. Gidansa a Stains yake, can sama hawa na tara, shi da matarsa Hajiya Rabi. Na yi 'yan kwanaki a wurinsu ina hutawa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Ka shiga asansar, ɗan ɗakin nan mai hawa bene da mutane, kai da wani, hancinka kusa da nasa, ya ce maka kalma ɗaya ya mai da ido kan ƙofa. Ni kuwa na tambayi wata tsohuwa lafiyar gida da yara da gajiya da sanyi, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Na biyu shi ne buredi. Kowa da dogon buredinsa a hammata, ba leda ba komai, babba da yaro. Safe buredi, rana buredi, dare buredi, miyarsu ma da fulawa suke kaɗa ta. Na ce lallai yaron nan ya zaɓi ƙasar da zai yi wannan cuta. An kai ni na ga hasumiyar ƙarfen nan da ake ta magana, tana da tsawo, ban hau ba.

Alhaji Ada ya ci alkakina har ya ɓata gaban rigarsa da zuma. Yana ci yana yi mini nasiha, wai in na isa kada in yi gardama da Hadiza, abin da likita ya ce shi ke nan. Na ce masa ni na haifi yara bakwai ba likitan da ya koya mini ciyar da su. Ya ce, "Yaya Balki, ni dai na faɗa miki." Ya ƙara ɗaukar alkaki.

Shi ya sa ni a jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Lyon. Na ga kujera kusa da taga na zauna, ashe kowace da lambarta da mai ita. Wani dattijo mai farin gashi ya zo ya tsaya a kaina yana nuna mini takardarsa, bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa ba. Na tashi na koma tawa, wadda ke daidai gefensa. Don in wanke laifina na buɗe leda na miƙa masa dubulan, tunda a wajenmu ba a ci a gaban abokin tafiya a hana shi. Ya dube ni kamar na miƙa masa kunama. Can ya gutsiri kaɗan. Kafin mu isa ya ci uku, ya kuma nuna mini hotunan jikokinsa duka.

A tashar Lyon na hango yaron tun daga nesa. Riga ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, na tambayi Hadiza gida da aiki. Muka hau tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Bron, inda suke zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu kusa da jami'a. Duk hanyar ina satar kallon wuyan hannunsa.

Washegari na kwance tsaraba, a nan aka fara. Hadiza yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini ido ba, amma a kan kicin ɗinta ba ta da sauƙi. Dubulan da alkaki da cincin ko zama ba su yi a gidan ba, ta kwashe ta rarraba wa ɗaliban Nijar da ke unguwar. Ta nuna mini yadda ta zubar da tsofaffin muciya da ludayin katako ta sayi sababbi, don katako yana riƙe fulawa. Ko dunƙulen miya na kanti sai ta karanta bayansa kafin ya shiga tukunya. Na ce ba komai, ga garin gero da na dawa, yau zan tuƙa masa tuwo. Ta tambaye ni a wane inji aka niƙa. Na ce na Malam Idi, na bakin masallaci. Ta ce, "Inna, ana niƙa alkama a wurin?"

Ana niƙawa mana. Duk alkakin unguwarmu daga injin nan yake fitowa. Ta ce to ko ɗan abin da ya maƙale a haƙoran injin ya isa ya kwantar da shi. Ta faɗa a hankali, tana ba ni haƙuri, ta ɗauki garin da na ɗauko tun daga Maraɗi ta sa a can saman kabad. Wallahi ranar na ji ciwo. Na ƙetare ƙasashe da teku don in ciyar da ɗana, ga ni zaune a kujera ana kawo mini abinci kamar baƙuwa, shi kuma yana cin shinkafa da kifi da ba hannuna a ciki.

Bayan kwana biyu na koyi hawa tiram ni kaɗai, na fara zuwa Guillotière, unguwar da baƙi ke cefane. Can ne na ji kamar ina gida: Larabawa da 'yan Senegal da 'yan Kamaru, ana ciniki da ƙarfi, ga kuɓewa ɗanya ga manja ga busasshen kifi. A wani kanti na hango kwalaben malta a firigo. Raina ya yi fari. Wa bai san malta da madara ba? Mai jego ita ake ba, wanda ya tashi daga zazzaɓi ita ake ba, ita ce ke ƙara jini. Ba buredi ba ce, ba tuwo ba ce, lemo ce. Ban karanta bayan kwalbar ba, don ba a karanta abin da aka sani shekara arba'in. Sha'ir kuwa ni a bakin malamai kawai na san shi, wajen bayanin zakkar fidda-kai.

Ranar Hadiza tana wurin aiki, shi ya riga ta dawowa. Na juye maltar a babban kofi, na zuba madarar gwangwani, na juya. Babu ƙanen da zan aika, sai na kai masa da kaina na miƙa. Ya dubi kofin, ya dubi kwalbar da ke hannuna na hagu. Sannan ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas, ya ce an gode. Na koma kicin ina jin kamar an yi mini bushara.

Kafin magariba ya fara riƙe ciki. Kwanakin da suka biyo baya tsakanin gado da banɗaki ya yi su, bai je aiki ba, ɗan kumatun da Hadiza ta yi watanni tana tarawa ya zube. Ta yi ta binciken abin da ya ci, shi kuwa ya ce bai sani ba. Ni na ɗauko kwalbar na ajiye a gabanta. Ta juya bayanta ta nuna mini da yatsa, ta ce malta ai tsiron sha'ir ce zalla, abin da ake yin giya da shi ke nan, ita dai ba a bari ta yi tsami ba. Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara da cewa, "Kuma ya sani, Inna. Ita ce abu na farko da likita ya hana shi, don ya san yana son ta." Ta juya ta shiga ɗaki, na ji tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa cikin Faransanci tana kuka. Na zauna a kicin ni ma na yi nawa. Na ce gobe a mai da ni Maraɗi kafin in kashe musu yaro.

Hadiza ba ta bar ni na tafi ba. Da ya ji sauƙi ta ce in shirya, ta kai ni wani kanti a cikin gari inda ba a sayar da komai mai gulutan. Mai kantin wata doguwar mace ce mai yawan dariya, Madam Silbi, ita ma cutar gare ta. Ta nuna mini alamar da ake dubawa, zangarniyar alkama da aka ja wa layi, tana kan buredinsu da taliyarsu da komai. Da Hadiza ta ba ta labarin malta ba ta yi mini dariya ba. Ta ce ita ranar da aka gaya mata cutarta ba buredi ta yi wa kuka ba, giya ta yi wa, don mahaifinta da ita yake tarbar baƙi. Ta ja ni bango guda cike da kwalabe, ni Hajiya da hijabina, tana yi mini bayani. Wasu da sha'ir aka yi su sannan aka rage gulutan ɗin, waɗannan ita ba ta yarda da su ga mai ciwo sosai ba. Wasu kuwa tun asali babu sha'ir a cikinsu, da shinkafa aka yi, ko gero, ko dawa. Na ce a sake faɗa mini. Ta ce dawa. Na ce wa Hadiza ta gaya mata wannan a ƙasarmu burukutu sunanta, a bayan gari ake dafa ta a tulu, ba wanda ya taɓa ɗaura mata takarda mai zinariya. Madam Silbi ta yi dariya har da dafa kanta.

Sai ta ɗauko wata ta gero wadda ta ce babu abin sa maye a cikinta ko ɗigo, ko za ta maye masa gurbin malta. Na tsaya ina kallon kwalbar, ga kalmar giya ɓaro-ɓaro a jikinta. Na kira Alhaji Ada. Ya ce malamai sun saɓa, amma shi a saninsa ba suna ke bugarwa ba, in babu maye babu maye. Ya ƙara da cewa shi dai kada a ce shi ya ce, kuma kada in hau tiram da ita a fili, 'yan Maraɗi suna ko'ina. Na saya guda ɗaya na tura can ƙasan jaka. A gida na ce ni zan fara ɗanɗanawa. Ɗaci kamar maɗaci. Yaron ya kurɓa sau ɗaya ya yamutsa fuska, ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun zuwana. Sauran a rariya ta ƙare.

Amma akwai maganar da Madam Silbi ta yi wadda ta tsaya mini. Ta ce malta ba wani abu ba ce illa hatsin da aka jiƙa ya tsira, aka busar, aka gasa, kuma kowane hatsi yana yi. To ai tsiro mun san shi, da shi muke zaƙaƙa kunun zaƙi. Na koma kantin na sayi tsabar gero mai alamar nan, Hadiza ta sayo sabon injin markaɗe da sabuwar rariya. Na jiƙa geron, na shimfiɗa a tire na rufe da jiƙaƙƙen tawul, ina yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya fito da fararen saiwoyi. Na busar a tanda, na gasa har ya yi ja, gidan ya ɗauki ƙamshi. Na markaɗa, na dafa a wuta kaɗan-kaɗan, na tace. Ya yi zaƙi, ya yi duhu, sai dai na ga kamar bai kai ba. Na ce bari ya kwana biyu ya haɗe jikinsa, na rufe na ajiye a gindin ƙarfen ɗumama ɗaki.

Hadiza ce ta fara jin warin. Ta buɗe tukunyar, ga kumfa tana tashi tana tsuwa. Ta dube ni, ta toshe baki, ta kasa, ta zauna a ƙasan kicin tana dariya har da hawaye. Ni da na je Makka sau biyu, na zo Faransa na dafa burukutu a gidan ɗana. Na yi istigfari na tuttular da ita a banɗaki, na wanke tukunyar sau bakwai kamar kare ya lasa. Na roƙe ta kada Alhaji Ada ya ji. Kafin la'asar ya kira yana tambayar nawa nake sayar da ƙwarya.

Na sake sabon jiƙo. Wannan karon ina tacewa na ƙara tafasa shi, ya huce na tura firigo. Hadiza ta bi komai da ido tun daga geron har madarar, ta ce ta yarda. Ranar wata Lahadi da hantsi na zuba a kofi na kai masa. Na zuba masa ido, don na ƙarshe da na miƙa masa shi ya kwantar da shi. Ya sha, ya ce ba ta kai ta kwalba gas ba amma ta fi ta ƙamshi. Daga nan na shiga tsaro. In ya tashi in bi shi da ido in ga ko banɗaki ya nufa, in ya taɓa ciki in miƙe tsaye. Yini ya wuce, aka kwana, ya tafi aiki ya dawo yana neman abinci. Lafiya lau.

Da yammar nan Hadiza ta fita sayen wani abu, muka rage mu biyu. Yana zaune a falo, ina tsaye a ƙofar kicin na ba shi gefe. Abin da ban taɓa yi ba na yi, na yi masa tambaya kai tsaye.

"Ka san waccan za ta cuce ka. Don me ka sha?"

Ya murza yatsunsa. Sannan ya ce, "Inna, tun da na yi wayo, abincinki aiko mini ake yi. Ranar ce kika fara miƙo mini abu da hannunki. Ban san ko za a sake ba."

Na shiga kicin na share fuskata da bakin mayafi, na buɗe firigo na cika kofin har baki. Na zo na miƙa masa, na ja kujera na zauna a gabansa har ya shanye.